Tambaya: wai da gaske ne Yahudawan zamanin da suna da waliyyai masu roƙon ruwa?

Ɗan Ƙofar Guga:

Assalamu alaikum jama'a, ya gida ya jiran ruwa. Dan Allah ina da tambaya ga malamai da masana tarihi da ke nan, abin ya kwana biyu yana cina a rai.

Bana mun yi shuka da wuri a gonarmu ta hanyar Kaita, ruwan farko na sauka kowa ya saɓi sungumi ya fita, gero ya tsiro gwanin sha'awa, kawai sai ruwa ya ɗauke cak, yau kwana ashirin da uku kenan. In ka je gona da hantsi za ka ga ganye ya nannaɗe kamar an murza shi, ka tona ƙasa da yatsa har gaɓa biyu ba danshi, wasu maƙwabtanmu ma tasu ta ƙone sai dai su sake shuka in suna da sauran iri. Ranar Alhamis aka fita roƙon ruwa filin idi, manya da yara kowa da tsofaffin kaya, liman ya juya mayafinshi aka yi ta istigfari, wlh har da masu hawaye.

To da muka dawo muna zaune a majalisa sai wani abokin yayana da ya yi karatu a waje ya kawo labarin wani mutum cikin Bani Isra'ila wai shi Honi, wai an yi fari a Ƙudus sai ya shata da'ira a ƙasa ya shiga ciki ya rantse ba zai fita ba sai Allah ya saukar da ruwa, kuma ruwan ya sauka. Nan fa gardama ta kaure, wani ya ce tatsuniya ce, wani ya ce tsafi ne, wani dattijo ya ce ai kowace al'umma da bayin Allah nagari a cikinta. Ni dai so nake in sani, mutumin nan an yi shi da gaske ko ƙirƙira ce, kuma in an yi shi me za a kira abin da ya faru a hannunshi tunda ba annabi ba ne, sannan ya halatta musulmi ya zauna yana ba da irin wannan labari? Na gode.

Malamin Tarihi daga Daura:

Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba mu ruwa mai albarka, mu ma nan Daura haka muke ta kallon gabas.

An yi shi. Sunanshi Honi, laƙabinshi da harshensu Ha-Me'aggel, wato mai shata da'ira, ya rayu ne a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Abin da ya sa masu tarihi suka yarda mutum ne na gaske shi ne ta hanyoyi biyu mabambanta aka samo labarinshi. Ɗaya littafin fiƙihun Yahudawa ne da ake kira Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, ɗayar kuma marubucin tarihin nan Josephus, Bayahude ne da ya yaƙi Rumawa a Galili daga baya ya miƙa wuya ya koma Rum da zama, ya gama babban littafinshi na tarihin Yahudawa wajen shekara ta 93, da harshen Girka ya rubuta shi ya sa shi Oniyas yake kiranshi.

Ka fara gane yanayin ƙasar tukuna. Su damanarsu da sanyi take zuwa, daga wajen Oktoba zuwa Maris, sauran watanni ruwa kaɗan ne ko babu, kuma Ƙudus a kan duwatsu take ba babban kogi, mutane ramuka suke sassaƙawa cikin dutse su tara ruwan sama, wanda raminshi bai cika da damana ba ya shiga uku. Shi ya sa a Mishna akwai babi guda sukutum a kan azumin roƙon ruwa, in lokaci ya yi ba ruwa ɗaiɗaikun mutanen kirki su fara azumi uku, in shiru a ɗora ma jama'a uku, a ƙara uku, a ƙara bakwai, a fito da akwatin Attaura dandali a barbaɗa toka a kai, dattijo ya tashi ya tuna masu mutanen Ninawa na Annabi Yunus, ya ce ba tsummansu da azuminsu Allah ya duba ba, ayyukansu ya duba da suka bar mugunta. Duk wanda ya taɓa fita roƙon ruwa a ƙasar Hausa zai ji abin ba baƙo ba ne.

To wata shekara damana ta kusa ficewa ba ruwa, aka je ma Honi. Ya ce ku je ku shigar da tanderunku na layyar Idin Ƙetarewa, idinsu na tuna fitowa daga Masar, ɗaki kada su jiƙe, don na yumɓu ne, ka ji ƙarfin yaƙini. Ya yi addu'a, shiru. Sai ya shata da'irar ya tsaya ciki ya ce ya Ubangijin talikai bayinka sun juyo gare ni don suna ganina kamar ɗan gida a wurinka, na rantse da sunanka mai girma ba zan gusa daga nan ba sai ka ji ƙansu. Aka fara yayyafi. Ya ce ba wannan na roƙa ba, ruwan da zai cika ramuka da kududdufai nake so. Sai aka kece kamar da bakin ƙwarya. Ya ce ba wannan ba ma, ruwan yarda da albarka nake roƙo. Sai ya daidaita, ya yi ta zuba har mutane suka bar gidajensu suka hau tudun Haikali, babban ɗakin ibadarsu na Ƙudus, suka dawo suna cewa kamar yadda ka roƙa ya zo roƙa ya tafi.

Abin da masu ba da labarin a majalisa ke tsallakewa shi ne su kansu malamansu ba su ji daɗin abin ba. Babban malamin lokacin, Shimon ben Shetah, ya aika mashi cewa ba don kai ne Honi ba da na sa an ƙaurace maka, amma ya zan yi da kai, kana ma Ubangiji shagwaɓa kamar yadda yaro ke ma babanshi kuma yana biya maka. Wato ya ga rashin ladabi a lafazin, amma ya ga an amsa, sai ya rasa ta cewa.

Ni kuma ba ruwan ne ya fi taɓa ni ba, mutuwarshi ce. Josephus a taƙaice ya ambaci ruwan, ya ce mutum ne adali da ya taɓa roƙon ruwa aka amsa, sai ya wuce. Abin da ya tsaya a kai shi ne rikicin sarauta tsakanin wa da ƙane, Hirkanus da Aristobulus, 'ya'yan sarauniya Salome Iskandara. Wajen shekara ta 65 kafin miladiyya Hirkanus ya gayyato Harisu sarkin Nabaɗawa na Petra suka yi ma ƙanen ƙawanya a cikin Haikali. Honi ya ga fitina ya ɓoye, aka zaƙulo shi aka kawo shi sansani aka ce tunda bakinka na da kaifi tsine ma Aristobulus da mutanenshi. Ya ƙi, suka matsa, sai ya tashi tsakiyarsu ya ce ya Allah sarkin kowa, waɗannan da nake tare da su mutanenka ne, waɗancan da aka tsare limamanka ne, ina roƙonka kada ka amsa ma waɗannan a kan waɗancan, kada ka amsa ma waɗancan a kan waɗannan. Nan take suka jefe shi har ya mutu. Bayan shekara biyu, a 63, Pompey, kwamandan yaƙin Rum, ya shigo Ƙudus da sunan raba gardama, mulkin kansu ya tafi kenan. Duk lokacin siyasa in na ga ana jigilar masu addu'a a motoci ana ba su ambulan don su yi ma abokin hamayya baki, mutumin nan nake tunawa.

Akwai kuma wata ruwaya a Talmud, littafin sharhin Mishna, wanda ya zo bayanta da ɗaruruwan shekaru, cewa barci ya yi na shekara 70 bayan ya ga wani na dasa bishiyar kharrub, wata ce mai 'ya'ya kamar na ɗorawa, ya farka ya tarar da jikan mai dashen yana tsinka, ya je makaranta ba wanda ya gane shi sai ya roƙi mutuwa. Wannan da ganinta ka san labari ne ya girma a bakin masu wa'azi, ta Josephus ta fi kusa da zamanin.

Abu Sumayya:

Malam na Daura Allah ya saka da alheri, amma gsky ina so a yi hattara, kada yaro ya karanta wannan gobe ya je ya shata da'ira a gona ya ce ya rantse ba zai fita ba.

Ɗan'uwa mai tambaya, batun halacci akwai nassi. A Bukhari Manzon Allah (SAW) ya ce ku ba da labari daga Bani Isra'ila babu laifi, kuma a Bukharin dai ya ce kada ku gaskata ma'abota littafi kada ku ƙaryata su. Shi ya sa Ibn Kasir a farkon tafsirinshi ya kasa Isra'iliyyat uku, wanda shari'armu ta gaskata mun karɓa, wanda ta ƙaryata mun watsar, wanda ta yi shiru a ba da labarinshi amma ba a gina hukunci ko aƙida a kai. Labarin Honin nan kashi na uku ne. Ba mu da isnadi, Malam da kanshi ya faɗa tsakanin mutuwarshi da rubuta Mishna ya haura shekara 250, to ko a hadisi aka samu irin wannan giɓi ai ka san sunanshi.

Batun suna kuma, abin da ya saɓa al'ada in ya bayyana a hannun annabi mu'ujiza ce, a hannun salihi karama ce, a hannun fasiƙi istidraji ne ko sihiri. Kuma Ahlus Sunna ba su musun cewa an yi masu karama a Bani Isra'ila, ga Nana Maryam da ake tarar da abinci a wurinta a Ali Imrana, ga Juraiju mai ibada da jariri ya wanke shi daga ƙazafi, ga mutum ukun da dutse ya toshe masu kogo kowa ya yi tawassuli da aikinshi. Wanda ya rayu kafin Annabi Isa yana kan shari'ar Annabi Musa da gaskiya ai mumini ne na zamaninshi, wanda ya ce tsafi ne a majalisarku ya yi gaggawa. Ni inda nake tsayawa shi ne ba zan yanke ma wani mutum ayyananne walittaka ba alhali ba Alƙur'ani ba hadisi a kanshi.

Kuma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Shi Josephus ɗin ai ya kawo wani Ele'azar da ya ce da idonshi ya gani yana cire aljani a gaban Vespasian, wanda ya yi sarautar Rum, da sojojinshi, ya kanga ma mara lafiya zobe a hanci mai wata saiwa a ciki, yana ambaton sunan Annabi Sulaiman, ya ajiye ƙwaryar ruwa gefe ya ce aljanin ya kifar da ita in ya fita don mutane su shaida. Wannan ai ba sai an faɗa maka ba, irinsu na nan ranar kasuwa da lasifika. Mu dai namu a bayyane yake, wani ya shigo ranar Juma'a Annabi (SAW) na huɗuba ya ce dukiya ta halaka, ya ɗaga hannu aka yi ruwa sati guda, Juma'a ta zagayo aka ce ya yi yawa ya ce Allahumma hawalaina wa la alaina. Ba da'ira ba rantsuwa. Sayyidina Umar kuma a shekarar fari Abbas ya gabatar ya yi addu'a.

Malamin Tarihi daga Daura:

Allah shi gafarta Malam, ban ƙi ko ɗaya ba, kuma na ji daɗi da ka raba Ele'azar da sauran. Sai dai batun rantsuwar, ka tuna hadisin Muslim na mai birkitaccen gashi wanda ake kora daga ƙofofi, da zai rantse da Allah sai Allah ya kuɓutar da rantsuwarshi. Ba ina cewa Honi ne ba, cewa nake irin mutumin ba baƙo ba ne a wurinmu.

Uwargida Rafindaɗi:

Sallama gare ku malamai. Ni ba malama ba ce amma na taɓa karanta labaran nan lokacin muna makaranta a darasin kwatanta addinai, kuma akwai guda da har yau bai bar kaina ba, na jikan Honin ne, Abba Hilkiya, ina mamaki Malam na Daura bai kawo shi ba don shi ya fi dacewa da halin da muke ciki.

Shi wannan ɗan ƙwadago ne, noma yake ma mutane a biya shi. Aka yi fari malamai suka tura mutum biyu su roƙe shi addu'a, suka same shi a gona yana aiki suka yi sallama ko ɗagowa bai yi ba. Da yamma ya ɗauko itace a kafaɗa ɗaya mayafinshi a ɗayar, duk hanya takalminshi a hannu sai da aka zo ruwa ya saka, aka zo cikin ƙaya ya tattare rigarshi ya bar ƙafafu. Da aka isa gida aka kawo abinci bai ce masu bismillah ba, ya ba babban ɗanshi gurasa ɗaya ƙaramin biyu. Sai ya ce ma matarshi a asirce na san ruwa ya kawo mutanen nan, zo mu hau soro mu roƙa kafin su yi magana, in Allah ya amsa ba sai an ce mu ne ba. Ya tsaya kusurwa ɗaya ta tsaya ɗaya, hadari ya taso, kuma ta ɓangaren matar ya fara tasowa. Ya sauko ya ce masu me ke tafe da ku, suka ce ruwa, ya ce to godiya ga Allah da bai sa kun buƙaci Abba Hilkiya ba.

Suka ce mun san ta dalilinku ne, amma fassara mana abubuwan da muka gani. Ya ce ban amsa sallama ba don an ɗauke ni aikin yini ne, lokacin ba nawa ba ne. Mayafin aro ne, don in yafa aka ba ni ba don in yi gammo da shi ba. Takalmi a hanya ina ganin abin da nake takawa, cikin ruwa ba na gani. Fata in ta yage tana warkewa, riga ba ta warkewa. Ban tayi ba don abincin ba zai isa ba kuma ba na son godiyar banza. Ƙaramin yaro makaranta yake wuni, babban yana gida. Suka ce to me ya sa hadari ya fara ta wurin matarka, ya ce ita tana gida, almajiri in ya zo abinci take ba shi ya ci nan take, ni kuɗi nake bayarwa sai ya je ya nema. Kuma akwai wasu 'yan iska a unguwarmu, ni na roƙa su mutu ita ta roƙa su shiryu, kuma suka shiryu.

Wlh duk sanda na tuna sai kakata ta faɗo mani a rai, Allah ya jiƙanta. In ruwa ya ɗauke haka ba ta jiran a yi shela, da asuba za ka ji lugude, ta daka gumba ta cuccura a faifai ta zauna bakin zaure, duk yaron da ya wuce ta miƙa mashi ta ce ce Allah ba mu ruwa, yara su yi ta faɗa da gumba cike da baki. Ta ce bakin yara ba zunubi. Kuma su ma suna da irin wannan, wani jikan Honin ta wajen ɗiya, Hanan, in an yi fari 'yan makaranta ake tura mashi su kama gefen rigarshi suna baba baba ba mu ruwa, shi kuma sai ya ce ya Ubangiji ka yi don waɗannan da ba su san bambancin baban da ke ba da ruwa da wanda ba ya bayarwa ba.

Ina tare da Abu Sumayya ba za mu gina addini a kai ba. Amma ƙanena mai tambaya, ka duba ka gani duk labarin ba laƙani ba wuridi na musamman, haƙƙin wanda ya ɗauke ka aiki ne da haƙƙin kayan aro. Yanzu fa a kawo ma mutum lebura gona, kana juya baya ya nemi inuwa ya ciro waya, mai gonar shi ma yamma ta yi ya ce a dawo gobe ba canji, an auna hatsi an danne mudu, sannan mu fita fili mu juya riguna.

Malamin Tarihi daga Daura:

Hajiya kin kyauta, ai na bar maki ne ashe. Tunda an zo nan bari in ƙara na ƙarshensu kuma wanda labaranshi suka fi yawa, Hanina ben Dosa. Shi a ƙarni na ɗaya miladiyya ya rayu, a wani ƙauye Arab a Galili, zamanin da Rumawa suka rushe Haikali a shekara ta 70. Talauci kam ba a magana, ana cewa ɗan awo guda na 'ya'yan kharrub ke kai shi daga Juma'a zuwa Juma'a. Matarshi duk jajibirin Asabar, ranar hutun ibadarsu, sai ta hura tanderu ta jefa abin da zai yi hayaƙi don kada maƙwabta su gane ba su da abin gasawa, ran nan wata maƙwabciya mai sa ido ta ce bari in je in gani na san ba su da komai, matar ta gudu ɗaki don kunya, maƙwabciyar ta leƙa ta ga tanderu cike da gurasa har tana kiranta ta kawo abin kwashewa kada ta ƙone. Wata rana ɗiyarshi ta yi kuskure ta zuba ruwan khal, wani ruwan tsami, a fitila maimakon mai, ta damu, ya ce wanda ya ce ma mai ya ci wuta shi zai ce ma khal ya ci. Matar ta taɓa gajiya ta ce ya roƙa a ba su wani abu, aka miƙo mashi ƙafar teburi ta zinari, sai aka nuna a mafarki kowa a lahira na ci a teburi mai ƙafa uku nasu biyu, ta ce roƙa a mayar.

An fi saninshi da addu'a ga marasa lafiya. Ɗan shugaban malamai Gamaliyel ya kwanta da zazzaɓi aka tura mutum biyu, ya hau bene ya sauko ya ce ku koma zazzaɓin ya sake shi. Suka ce kai annabi ne, ya ce ni ba annabi ba ne ba ɗan annabi ba, abin da na sani in addu'a ta zo da sauƙi a bakina an karɓa, in ta sarƙe an mayar. Suka rubuta lokacin, suka koma aka ce daidai sa'ar yaron ya nemi ruwan sha. Haka ya yi ma ɗan Yohanan ben Zakkai, babban malamin da ya sake kafa karatunsu a Yabne bayan rushe Haikali, ya sa kai tsakanin gwiwoyi ya roƙa yaron ya tashi. Malamin ya ce ni da zan wuni a haka ba za a kula ni ba, matarshi ta ce to Hanina ya fi ka ne, ya ce a'a, shi kamar bara ne a gidan sarki, ni kamar hakimi. Duk wanda ya san fada ya gane, hakimi sai an yi mashi iso, bara kuwa har cikin gida yake shiga ba sallama.

Kin ga irin amanar da kika faɗa ma tana nan. Wani matafiyi ya manta kaji a ƙofarshi, ya hana a ci ko ƙwai ɗaya, suka yi ta hayayyafa har suka dame su ya sayar ya sayi awaki, bayan shekaru mutumin ya dawo yana cigiya, ya tambaye shi alama ya faɗa, ya kora mashi garken awaki. Wannan kam kusan labarin mai ladan lebura ne cikin mutum ukun kogo da Abu Sumayya ya ambata. Mishna ta ce da Hanina ya mutu ma'abota aiki suka ƙare, haka suke kiran irinsu, ma'abota aiki, ba su ce ma'abota ilimi ba.

Kuma don Abu Sumayya ya ƙara samun natsuwa, su ma malamansu sun ja layi. Akwai labarin gardama a kan tsarkin wani tanderu, Rabbi Eliyezer ya rasa mai goya mashi baya sai ya ce in ni ke da gaskiya bishiyar nan ta shaida, ta tuge ta matsa, ruwa ya koma da baya, bangon makaranta ya karkata, har murya ta zo daga sama, sai Rabbi Yoshuwa ya miƙe ya ce Attaura ba a sama take ba, an riga an ba mu, hukunci da hujja da rinjaye ake yi. Ka ga ya yi kama da maganar da ake dangantawa ga Imamu Shafi'i, in kun ga mutum na tafiya kan ruwa ko yana tashi sama kada ku ruɗu sai kun auna shi da Littafi da Sunna. Wannan ja-in-ja tsakanin malamin littafi da bawan Allah da jama'a ke rugawa wurinshi tsoho ne ƙwarai, mu nan da muka tashi muna jin labaran Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani mun san shi, su dai namu sun haɗa biyun don malamai ne masu rubuce-rubuce. Wani masani ma Geza Vermes ya fitar da littafi a 1973 yana cewa in ana son fahimtar yadda mutanen Galili suka kalli Annabi Isa a duba irin su Hanina, wasu masana suka yi mashi raddi cewa labaran Hanina an rubuta su a makare kuma Honi ba a tabbatar ɗan Galili ba ne. Mu a wurinmu bambancin a fili yake, shi manzo ne da wahayi, shi kuwa Hanina da bakinshi ya ce ba annabi ba ne.

Abu Sumayya:

Na yarda da wannan Malam. Hajiya kuma maganar mudu gaskiya ce, akwai hadisi a Ibn Majah da ya haɗa tauye mudu da fari, ya haɗa hana zakka da hana ruwan sama, ya ce ba don dabbobi ba da ba a yi masu ruwa ba. Sharaɗina ɗaya dai, duk wanda zai kai labaran nan majalisa ya faɗa daga ina suka fito, kada gobe a ji su a bakin mai wa'azi an ce wani sahabi ne.

Ɗan Ƙofar Guga:

Na gode ƙwarai malamai, Yaya ta Rafindaɗi na gode, Allah ya jiƙan kaka. Na karanta ma su yayana duka jiya da dare, dattijon nan da na ce maku ya sa na maimaita mashi addu'ar da Honi ya yi a sansani har sau biyu, ya yi shiru ya ce a sake karanta mashi na mayafin aron.

Maganar lebura ta taɓa mu don akwai yara uku da suka yi mana noman farko a gefen da ya tsira, an ce masu sai ran kasuwa, yau da safe yayana ya aika masu kuɗinsu. Ruwa dai har yanzu, jiya hadari ya haɗu ta gabas baƙi ƙirin har an fara kwashe shanya sai iska ta watsa shi. Mun yanke in bai sauka ba zuwa Laraba za mu jira na gaba mu sake shuka gefen tudu da wake, in akwai wanda ya san inda ake samun iri mai saurin nuna a cikin gari dan Allah ya yi mani magana.